Injin da Ya Cije: Farfaɗo da Ƙananan Motocin Nitro Bayan Doguwar Ajiya

A ƙasashen Amurka da Turai, inda gidaje da yawa suke da gareji ko wani ɗakin shirgi a ƙarƙashin rufi, wanda ake tura masa duk abin da aka gaji da shi amma zuciya ba ta yarda a zubar ba, ba abin mamaki ba ne magidanci ya shiga neman wani abu dabam, hannunsa ya faɗa kan wani kwali mai ƙura, ya buɗe ya tarar da 'yar motar da ya saya da kuɗin guminsa tun yana saurayi, tsawonta kamar kamu guda, tayoyinta sun lotsa saboda zama wuri ɗaya, warin tsohon mai kuma yana tasowa daga cikinta.

Abin da yakan fara yi, kamar yadda kowa zai yi, shi ne ya kama igiyar tayarwa ya ja. Igiya ta ƙi zuwa. Ya kifar da motar, ya sa babban yatsa a kan ɗan faifan da ke bakin injin ya tura, faifai ko gezau. Injin ya cije. A wannan ɗan lokaci, kafin a kunce ko da kusa ɗaya, ake yanke hukuncin ko injin zai sake tashi ko kuwa ya tafi ke nan, domin idan mutumin ya ƙara ƙarfi ya fizgi igiya, ko ya ɗauko filaya ya damƙi ƙarfen ya murɗa, to galibi da hannunsa zai kashe abin da shekaru goma sha biyar na ajiya ba su kashe ba.

Irin waɗannan motoci sun yawaita fitowa daga maɓoyarsu a 'yan shekarun nan, musamman tun daga shekarar 2020 da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, suka koma tonon tsofaffin kayan nishaɗinsu. Wasu masu su ne suka tuno da su, wasu 'ya'ya ne suka gada, wasu kuma a kasuwar gwanjo ta intanet irin su eBay suka saya da araha, a bisa sharaɗin cewa mai sayarwa bai ɗauki alhakin tashinta ba. Tambayar da dukkansu suke yi iri ɗaya ce: shin wannan inji ya mutu ne, ko da sauran numfashi?

Asalin motar da injinta

Wajibi ne mai karatu ya san cewa wannan mota ba irin ta wasan yara mai batir ba ce, wadda ake saya wa yaro ranar salla. Inji ne na haƙiƙa a cikinta, mai fistin da karanshaf da kafireto da salansa, mai bugu biyu, dangin injin ƙaramin janareta wanda ake gauraya masa mai da fetur, illa dai girman cikinsa duka bai wuce cc biyu zuwa biyar ba, alhali yana iya juyawa sau 30,000 ko fiye a cikin minti ɗaya, ya kwashi motar da gudun kilomita 60 ko 70 a sa'a, mai ita yana tsaye daga nesa da rimot a hannu yana sarrafa ta.

Hikimar injin tana cikin fuloginsa. Wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ne ake danganta wa fito da shi a wajajen 1947, domin injinan ƙananan jiragen sama na nishaɗi. Maimakon tartsatsin wuta, 'yar waya ce siririya ta ƙarfen filatinam a naɗe a cikinsa, a jona mata batir ta yi ja a lokacin tayarwa, sa'an nan a cire batir, ita kuwa ta ci gaba da yin ja da kanta, saboda ɗabi'ar filatinam ce idan tururin sinadarin metanol ya taɓa shi ya yi zafi. Daga jirage fasahar ta sauko kan motoci a shekarun 1960, kamfanoni kuma suka yi suna da ita: O.S. na birnin Osaka, wanda Shigeo Ogawa ya kafa a 1936, da Kyosho na Japan, da masu ƙera injinan tsere na Italiya, da Traxxas na jihar Texas, wanda motarsa T-Maxx ta 1999 ta shigar da dubban mutane cikin wannan sha'ani, da HPI mai motar Savage ta 2002. Har yau akwai gasar duniya a ƙarƙashin ƙungiyar IFMAR da aka kafa a 1979, inda zagayen ƙarshe na manyan motocin ƙasa yake ɗaukar sa'a guda cur.

Abin da ya jingine mafi yawansu a ɗakunan shirgi shi ne zuwan batir mai sinadarin litiyam da sababbin injinan lantarki daga tsakiyar shekarun 2000, waɗanda suka kamo nitro a gudu, ba hayaƙi, ba ƙarar da za ta haɗa mutum da maƙwabta, ba kuma wahalar daidaita kafireto. Mutum ya yi wasansa na ƙarshe wata ranar Lahadi, ya ajiye motar da guntun mai a tanki da niyyar sai mako mai zuwa, aure da aiki da haihuwa suka shiga tsakani.

Sababin cijewa

Man da wannan inji yake sha haɗi ne na abu uku. Mafi yawansa metanol ne. Sai nitrometan, wanda daga gare shi sunan nitro ya samo asali, galibi kashi 10 zuwa 30 cikin 100, mai ɗauke da iskar ƙonewa a jikinsa, shi ya sa yake ƙara wa injin ƙarfi. Sai kuma man shafawa, kamar kashi 10 zuwa 18, domin injin ba shi da wani kasko na baƙin mai a ƙarƙashinsa, abin da ya biyo cikin man sha da shi kaɗai yake shafe gaɓoɓinsa.

Wannan man shafawa, a da can da ma yanzu a haɗi da yawa, man zurma ne, ita dai zurmar da muka sani tana tsirowa a bayan gida da bakin rafi. Masana inji sun daɗe da sanin falalarsa, tun zamanin jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yana garwaya da metanol sarai, kuma idan zafi ya tsananta har sauran mayuka suka ƙone suka bar ƙarfe tsirara, shi manne wa ƙarfen yake yi. To, wannan falala ita ce kuma illarsa a wajen ajiya. Metanol yakan bi iska ya tafi cikin 'yan kwanaki, ya bar man zurma shi kaɗai a tsakanin fistin da silinda da cikin boris, shi kuwa da tafiyar watanni da shekaru sai ya yi kauri, ya yi duhu, ya zama danƙo kamar wanda ke taruwa a gefen tsohon kaskon tuya, har ya liƙe ƙarafan da aka sa shi ya raba.

Wannan shi ne sababin da ya fi yawa, kuma shi ne mafi sauƙin magani, domin babu abin da ya karye, babu abin da ya ci. Sababi na biyu ya fi muni, wato tsatsa. Metanol mai zuƙar laima ne daga iska, ragowar ƙonewar nitrometan kuma tana da tsami, saboda haka idan aka bar su a cikin injin, musamman a wuri mai danshi, sai boris biyu da suke riƙe da karanshaf, da shi kansa karanshaf ɗin, waɗanda duk baƙin ƙarfe ne, su kama tsatsa.

Akwai kuma abin da yake kama da cijewa alhali lafiya ce, wanda jahilcinsa ya sa mutane da yawa kunce injin da ba ya bukatar kuncewa. Fistin na irin waɗannan injina ba shi da ringi. Shi na alminiyam ne, silindar kuma bututun tagulla ce da aka shafe cikinta da ƙarfen kurom, aka ƙera ta da gangan samanta ya fi ƙasanta ƙunci kaɗan, domin sama ne yake fin zafi idan injin yana aiki, sai ya buɗe ya daidaita da sauran. Idan injin yana sanyi, fistin yakan matse in ya kai ƙololuwa, har sabon inji ya yi wuyar juyawa da hannu. Ma'abota wannan fanni suna murna da wannan matsi, domin shi ne shaidar cewa injin bai tsufa ba. Amma motar da aka ajiye fistinta yana can sama, danƙo kuma ya same shi a nan, ta haɗa matsi biyu.

Bincike kafin magani

Ƙa'idar farko da jamhurin masu gyara suka haɗu a kanta ita ce a tabbatar da inda cutar take. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, na'urar tayarwa ce ta liƙe, domin a cikinta akwai wani ɗan boris mai kamawa ta gefe ɗaya, wanda danƙo yake saurin kashewa. Wani lokaci kuma kuloci ne ya yi tsatsa, ko tsakuwa ta maƙale a haƙoran giya. Don haka sai a sauke injin daga motar, a cire salansa da matatar iska da na'urar tayarwa, a kunce fulogi. Cire fulogin yana da fa'ida biyu: yana sakin iskar da fistin ke matsawa, yana kuma tona asirin injin da mai ya cika wa ciki, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma wanda ya ja igiya a kan injin da ya cika da mai yana iya lanƙwashe sandar da ke haɗa fistin da karanshaf.

Daga nan sai a kunce kusoshi huɗu na murfin baya a leƙa. Abin da ido ya gani a nan shi ne rabin hukunci. Idan danƙo ne ruwan zuma ko ruwan ƙasa ya lulluɓe ƙarafa, amma in an kankare da farce ƙarfen yana ƙyalli a ƙarƙashi, to a yi hamdala. Idan kuwa jan gari ne ya bayyana a kan karanshaf, ƙwallayen boris kuma suka yi baƙi da ƙuraje, to aikin ya wuce jiƙo.

Jiƙo da zafi

Maganin danƙo shi ne a mayar masa da abin da ya gudu ya bar shi. Sabon man nitro, ko metanol zalla, ko irin sifirit da ake goge kaya da shi, shi ya fi narkar da man zurma. A ɗiga ta ramin fulogi da ta ƙofar salansa da ta baya har ya cika, ko a tsoma injin ɗungum a cikin kwalba a rufe, a bar shi ya kwana, wani ma ya yi kwana biyu ko uku ana sauya masa. Wasu sukan yi amfani da mai mai ratsa tsatsa, ko jan man giyar mota mai sarrafa kanta, musamman in ana zaton da tsatsa a ciki.

Sa'an nan a kawo zafi, wanda a ganina shi ne sirrin aikin duka. Bayan an tsiyaye abin da aka jiƙa da shi, an bar injin ya sha iska, an kuma cire kafireto da duk wani abu na roba, sai a hura masa na'urar busar da gashi, ko a sa shi a tandar lantarki a zafin da bai wuce digiri 100 zuwa 120 ba, na kamar minti goma ko sha biyar. Zafi yana sassauta danƙo ya koma ruwa, yana kuma buɗa gangar jikin injin, domin alminiyam ya kusa ninka baƙin ƙarfe wajen buɗewa. Wannan zafi bai fi wanda injin yake kaiwa a bakin aikinsa ba, don haka babu abin tsoro a cikinsa.

Sai a sa safar hannu mai kauri, a riƙe injin da hagu, a kama faifan da dama, a gwada shi gaba kaɗan, baya kaɗan, ba tare da an yi masa dole ba. Da farko ba za a ji komai ba. Can sai a ji wani ɗan motsi wanda bai fi kaurin gashi ba, a ɗiga mai a koma, motsin ya ƙaru, wani baƙin ruwa mai yauƙi ya fara tsattsafowa ta ƙofar salansa, fistin ya sauko a hankali yana jan jiki, har daga bisani faifan ya kewaya zagaye guda. Idan injin ya huce bai motsa ba, sai a mayar da shi jiƙo a sake gobe, domin danƙon da ya yi shekara goma yana taruwa ba shi da dalilin saki a zama ɗaya.

Abubuwan da aka hana a wannan mataki sun cancanci a ambace su da sunansu, domin su ne suke cika kwandon shara da injina. Kada a damƙi karanshaf da filaya. Kada a zura sukudireba ta ramin fulogi ko ta ƙofar salansa a buga, domin kan fistin bai fi kaurin kwabo ba, kuma ƙarzane ɗaya a jikin silinda ya isa ya zubar da matsin da injin yake rayuwa da shi. Kada a goge cikin silinda da takardar yashi. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Haka kuma kada a kusantar da metanol ga wuta, domin harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai da rana, shi kansa kuma guba ne mai makantarwa ga wanda ya sha, sai a yi aikin a fili, nesa da yara.

Inda aka yi saɓani

Ma'abota wannan sha'ani ba su haɗu a kan komai ba. Ɗaya daga cikin mas'alolin ita ce ta man feshi na WD-40: kamfanin Traxxas da kansa yana umurtar masu motocinsa su fesa shi a cikin injin bayan wasa domin korar laima, alhali wasu tsofaffin hannu suna ƙinsa, hujjarsu kuwa ita ce ba ya daɗewa a jikin ƙarfe, kuma mayukan da aka tace daga ɗanyen fetur suna kumbura robar silikon da ake yin tiyo da wasu zobban toshiya da ita. Kowane ɓangare yana da injinan da suka daɗe a hannunsa da zai kafa shaida da su.

Akwai kuma masu dafa injin a cikin ruwan sanyaya lagireto, irin mai hana daskarewa, a tsohuwar tukunyar lantarki, a bar shi ya kwana a kan ƙaramin zafi. Babu musu yana ciro danƙo da baƙin da ya ƙone, amma yakan dusashe launin alminiyam, ruwan kuma guba ne mai zaƙi da dabbobi ke sha su mutu, tukunyar kuma ta haramta ga abinci har abada. Ni dai ban ga dalilin fara magani da mafi tsananinsa ba, muddin jiƙo da ɗumi ba su gaza ba.

Saɓani mafi girma shi ne ko injin da ya saki ya halatta a tayar da shi haka nan. Masu sauƙaƙawa suna cewa in ya juya sumul, a wanke shi da sabon mai a tayar, zafin aiki zai ƙarasa wankin. Masu tsanantawa suna cewa boris da ya taɓa tsatsa ba ya warkewa, ɓarɓashinsa kuma babu inda zai bi sai ta cikin injin ya haura kan fistin, domin ta nan man yake bi, ya ƙarje silinda cikin minti biyu. Maganar na biyun ta fi ƙarfi, kuma yatsa yana iya raba gardamar: in aka juya karanshaf a hankali aka ji gurzo-gurzo kamar da yashi a ciki, to boris ya tafi.

In ta kama a buɗe ciki

Canjin boris ba shi da wuyar da ake zato, amma yana son natsuwa da tsari. A cire hular injin, a adana siraran zobban da ke ƙarƙashinta, domin su ne ma'aunin matsi. A zura ɗan guntun roba mai tauri ta ƙofar salansa a kan fistin, a juya faifai, fistin ya turo silinda sama har yatsa ya kama ta. Kafin a zare fistin da sandarsa, a yi musu alama a san fuskar da ke duban baya, domin mayar da su a juye ɓarna ce. Sa'an nan a zare karanshaf, a ɗumama gangar jikin fiye da ɗazu kaɗan, a buga bayanta a kan katako, boris na ciki ya faɗo da kansa, na waje kuma a turo shi da sandar itace. Sababbi sukan shiga cikin sauƙi in gangar tana da zafi su kuma suna da sanyi.

A nan ne lissafin kuɗi yake shigowa. Boris biyu da fulogi da tiyo ba su da tsada. Amma fistin da silinda tare ake sayar da su, domin an gwada su da juna tun daga masana'anta, kuma kuɗinsu yakan kai wani babban kaso na kuɗin sabon inji; na tsofaffin samfura ma an daina yi, sai an yi cigiya a kasuwar gwanjo. Idan fistin ya wuce ƙololuwa sakwaf ba tare da wani matsi ba, masu shagunan kayan nishaɗi sukan ba da shawarar a sayi sabon inji, ko a juya motar ta koma ta lantarki, kuma ba a ce sun yi son kai ba. Sai dai wanda injin mahaifinsa ne a hannunsa ba da wannan ma'auni yake awo ba, kuma ina ganin yana da gaskiyarsa.

Tashin farko

Sakin inji ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin abin da ya liƙe fistin ya liƙe kafireto ma. A jiƙa shi, a ƙirga zagayen kowace allura kafin a kunce ta domin a mayar da ita inda take, a busa ramukan har iska ta wuce. Tiyo da ya bushe a sauya, tanki a wanke, soson matatar iska wanda yakan rududduge ya zama gari a jefar, domin in injin ya zuƙe shi an koma gidan jiya. Tsohon man da ya shekara a galan da aka taɓa buɗewa ya riga ya sha laima, ba a tayar da inji da shi.

Abin da ya fi hatsari ma ba a injin yake ba, a rimot yake. Tsofaffin batura sukan zubar da ruwa su cinye wayoyi, tsofaffin rimot masu dogon eriya kuma suna saurin kama kutse, motar da ta kuɓuce da maƙura, wato totur, a buɗe kuwa nauyin kilo huɗu ko biyar ce a guje, tana iya karya ƙafar mutum. A gwada birki da maƙura tun injin yana kashe, a ɗora motar a kan wani abu tayoyinta suna lilo, a ɗumama hular injin kafin a ja igiya domin a sassauta matsin sama, a kuma buɗe allura mai ya yawaita, shuɗin hayaƙi yana fita sosai, a bi ta a hankali tanki ɗaya ko biyu kafin a nemi gudu.

In an gama wasan ranar, sai a tsiyaye tanki, a sake tayar da injin har ya ƙone abin da ya rage ya mutu da kansa, a ɗiga man ajiya ta ramin fulogi da ta kafireto, a ja igiya kaɗan ya zagaye boris, sa'an nan a juya faifai har fistin ya sauka can ƙasa inda silinda take da faɗi, a toshe salansa da bakin kafireto, a ajiye motar a wuri busasshe. Wanda zai daɗe bai waiwaye ta ba, ya cire batura, ya kuma riƙa juya faifan da yatsa duk bayan 'yan watanni yana ƙara ɗigon mai.